Yadda Ake Toshe Talla a Wayar Hannu, Mataki-Mataki

Tun ranar da na buɗe wani shafin labaran ƙwallo a fadarmu ta Zango, abokai suka ga ya fito tas babu talla ko ɗaya, ban sake shan shayi cikin kwanciyar hankali ba. Kowa miƙo waya yake yi. Wasu sun aiko tambaya ta WhatsApp daga Mirriya da Magarya, kuma kusan duka tambaya ɗaya ce: yaya ake saka abin toshe talla a cikin Chrome? Amsar ita ce ba a sakawa. Chrome na waya ba ya karɓar ekstansiyon, wato ɗan ƙarin nan da ake liƙa wa burauza (manhajar buɗe shafukan intanet, irin su Chrome) don ta yi wani aiki na musamman. Na ordinatar yana karɓa, na waya ba ya karɓa. Duk wanda ya amshi dala ɗari ko jika guda a hannunka da sunan zai saka maka shi cikin Chrome, wani abu dabam ya saka maka.

Hanyoyi suna nan, kuma kyauta ne. Sai dai a bi su a jere, don wanda ya tsallake matakan farko zai gama aikin duka ya tarar talla na nan daram.

Abin da za ka tanada: waya mai caji fiye da rabi (kada kuran ya ɗauke kana tsakiyar aiki, batir kuma ya mutu), mega kamar 150 ko wifi, wurin ajiya a cikin waya aƙalla mega 500, da minti talatin. Zan riƙa ba da sunayen wurare da Faransanci kamar yadda suke a yawancin wayoyinmu. Wanda ya sayo tasa daga Kano tana Turanci, wuraren ɗaya ne, suna ne kawai ya bambanta.

1. Gano ƙofar da tallar ke shigowa

Kafin ka taɓa komai, yini guda ka lura da wayarka. Talla ƙofa huɗu gare ta, kowace da makullinta.

Akwai wadda kake gani cikin shafi idan ka buɗe burauza. Akwai wadda ke cikin manhaja, kamar wasan yara ko manhajar tura fayil. Akwai wadda ke sauka daga saman allo kamar saƙo, tana cewa ka ci kyauta ko wayarka ta kamu da ƙwayar cuta. Sai mafi muni, wadda ke rufe allo gaba ɗaya alhali ba ka buɗe komai ba, wani lokaci kana tsakiyar kira.

Idan ta huɗun ce ke damunka, mataki na 2 naka ne. Ta ukun, mataki na 3. Ta cikin shafi, daga 4 zuwa 8. Ta cikin manhaja, mataki na 9. Yawancin wayoyin da aka miƙo mini suna da uku cikin huɗu.

2. Fitar da ɓarawon da ke cikin gida

Tallar da ke faɗowa kan allo haka kawai ba daga intanet take zuwa kai tsaye ba. Wata manhaja ce zaune cikin wayarka take kiran ta. Babu abin toshe talla da zai yi maganin wannan, sai an cire manhajar.

Da zarar tallar ta bayyana, kada ka rufe ta. Danna maɓallin nan da ke nuna manhajojin da ka buɗe kwanan nan, ka duba sunan da ke saman tallar. Sau da yawa a nan asiri ke tonuwa: tocila ce, ko mai goge datti, ko mai sanyaya batir, ko wani allon rubutu mai furanni.

Idan ba ta nuna suna ba, shiga Paramètres, Applications, ka buɗe jerin dukan manhajoji, ka gangara har ƙarshe a hankali. Nemi wadda ba ta da suna ko hoto, fili kawai fari. Irin waɗannan ɓoye kansu suke yi. Danna ta, ka zaɓi Désinstaller. Sannan a wurin bincike na Paramètres rubuta superposition ko par-dessus, za ka ga jerin manhajojin da aka ba izinin fitowa a kan sauran. Duk wadda ba ka san dalilin da ya sa take buƙatar haka ba, kashe mata.

Gargaɗi: idan maɓallin Désinstaller ya dushe ya ƙi dannuwa, ƙila manhajar ta mai da kanta mai kula da wayar. Bincika administration a Paramètres, cire mata alamar, sannan ka dawo ka share ta. Idan talla ta hana ka aiki kwata-kwata, riƙe maɓallin kunna waya, sannan ka ɗora yatsa kan Éteindre ka riƙe har ta tambaye ka ko za ta tashi a mode sans échec, ko mode sécurisé a Samsung. A wannan yanayin manhajojin da ka saka da kanka ba sa motsi, sai ka share ta cikin natsuwa, ka sake kunna wayar.

Daga ina suke shigowa? Mafi yawa daga tura manhaja hannu da hannu, da wurin masu cika waya da waƙoƙi da wasanni, da yaran gida da ake ba waya su yi shiru. Wata innata a Birni, manhajar tocila uku na samu a wayarta, alhali wayar da tocilarta ta zo. Jikoki ne. Bayan ka gama, buɗe Play Store, danna hotonka a sama, shiga Play Protect ka sa ya bincika wayar.

3. Rufe bakin sanarwa

Tallar da ke sauka daga sama da tambarin Chrome, kai ka ba ta izini ba ka sani ba. Wani shafi ya ce danna Autoriser don ka ga bidiyo ko ka tabbatar kai mutum ne, ka danna, shi ke nan ya samu lasisin aiko maka saƙo dare da rana.

Buɗe Chrome, ɗigo uku na sama, Paramètres, Paramètres des sites, Notifications. Duba jerin shafukan da aka yarje wa, ka cire duk wanda ba ka gane ba. Ni kashe maɓallin nake gaba ɗaya, don ban taɓa ganin shafin da sanarwarsa ta amfane ni ba. A wuri guda ka tabbata Pop-ups et redirections a toshe yake, haka ma Annonces intrusives. Wannan na ƙarshe iyakar abin da Chrome zai yi maka ke nan: yana rage talla mai tsananin naci, ba ya hana talla. Ba abin mamaki ba ne, Google da talla yake cin abinci.

Idan sanarwar daga wata manhaja take, kamar burauzar da ta zo tare da wayar, ɗora yatsa kan sanarwar ka riƙe, za ta nuna maka mai aiko ta da maɓallin kashewa.

Gargaɗi: saƙon da ke cewa an gano ƙwayar cuta goma sha uku a wayarka, da ja da ƙara da girgiza, ƙarya ne. Shafi ba ya iya bincika cikin waya. Kada ka danna komai a cikinsa, ko da maɓallin da aka rubuta Annuler ne. Rufe shafin kawai. Ta irin wannan dannawa ce mutum ke wayar gari an yi masa rajistar wani abu da ke cin kuredinsa kullum, ko ya sauke ɓarawon da muka kora a mataki na 2.

4. Sauke Firefox

A wayoyin Android, Firefox ce burauzar da na fi amincewa da ita wajen ekstansiyon. Tun watan Disamba 2023 kamfanin Mozilla ya buɗe ƙofa ga ɗaruruwan ekstansiyon a kan waya, bayan shekarun da ƴan kaɗan kawai ake iya sakawa.

Shiga Play Store, rubuta Firefox, ka duba a ƙarƙashin sunan an rubuta Mozilla. Ɗauki ta asali. Akwai Firefox Focus, akwai Beta da Nightly. Ta farkon ba ta karɓar ekstansiyon, sauran biyun na gwaji ne. Saukewar ita ce kaɗai inda za ka kashe mega mai ɗan yawa, don haka ka yi ta da forfen dare ko wurin da ke da wifi.

Gargaɗi: za ka ji wasu na cewa Kiwi, don tana karɓar ekstansiyon na Chrome. Da gaskiyarsu a da. Amma mai ita ya daina sabunta ta a farkon 2025, kuma burauzar da ba a sabuntawa gida ne da ba ƙyaure. Kada ka karɓe ta ta Xender, kada ka sauke ta daga wani shafi.

5. Saka uBlock Origin

Buɗe Firefox, danna ɗigo uku, zaɓi Extensions. A tsohuwar siga an rubuta Modules complémentaires. Jerin da Mozilla ta ba da shawara zai fito, uBlock Origin yana cikin na sama-sama, da jar garkuwa. Danna alamar ƙari da ke gefensa, sannan Ajouter. Zai nemi izinin ganin shafukan da kake buɗewa. Dole ne, don ba zai cire talla daga shafin da bai gani ba. Idan ya tambaya ko ya yi aiki a navigation privée, yarda.

Nauyinsa ƴan mega kaɗan ne, kyauta ne, kuma Raymond Hill da ya ƙirƙiro shi a 2014 ba ya ma karɓar gudummawar kuɗi. Na faɗi wannan ne don ka gane na jabu: duk wanda ya nemi ka biya, ba shi ba ne.

Gargaɗi: sunan kalma biyu ne, uBlock Origin. Akwai wani uBlock kawai, ba Origin, ba abu ɗaya ba ne. Kuma ba a samun sa a Play Store a matsayin manhaja, daga cikin Firefox ake saka shi. Kuskure na biyu da nake yawan gani shi ne tara masu toshe talla biyu ko uku wai don ƙarfi ya ƙaru. Karo suke yi da juna, shafi ya lalace, waya ta yi nauyi. Ɗaya ya isa.

Yanzu buɗe shafin da ka san ya fi kowane cika da talla. Ka ga bambanci?

6. Gyara shi don tsimin mega

Yadda ya zo ma yana aiki, wanda ba ya son dogon zance ya wuce mataki na 7. Amma gyara biyu sun cancanci minti biyar.

Daga ɗigo uku shiga Extensions, danna uBlock Origin, ka nemi alamar haƙoran inji da ke kai ka allon saiti. A Listes de filtres gangara zuwa Régions, langues, ka sa alama a AdGuard Français. Mu nan shafukan Faransanci muke yawan buɗewa, na sakamakon jarrabawa, na neman aiki, na labarai, kuma jerin asali ya fi sanin tallar Turanci. A wannan shafin kuma za ka iya kunna jerin da ke kawar da akwatunan nan masu tambayar ko ka yarda da kukis. Danna Appliquer kafin ka fita, in ba haka ba aikin banza ka yi.

Na biyu shi ne wanda na fi so. A shafin farko na saitin akwai zaɓin toshe hotuna da bidiyo da suka wuce wani girma, an sa 50 Ko tun asali. Idan ka kunna, manyan hotuna ba sa sauka sai ka danna wurinsu. Ga ɗalibin Jami'ar André Salifou da ke neman rubutu kawai da ragowar mega ashirin, ko wanda ke ƙauye inda rezo ke zuwa yana komawa, wannan ya fi toshe tallar ma amfani. Amma shafi zai yi kama da gidan da ba a gama shafe ba, kuma wasu mutane ba sa jure ganin haka. Gwada kwana biyu, in bai yi maka ba ka kashe.

Kada ka bi jerin nan kana sa alama a kowane layi. Kowane jeri yana cin ƙwaƙwalwar waya.

7. Mai da Firefox burauzar farko

Nan ne mutane da yawa ke faɗuwa. Sun saka komai daidai, sai a turo musu adireshi a WhatsApp, su danna, ya buɗe a tsohuwar burauza da tallarta cif, su ce abin bai yi ba. Shiga Paramètres, Applications, Applications par défaut, ka zaɓi Firefox a wurin burauza. Sannan jawo tambarinta zuwa ƙasan allo inda Chrome yake zaune, don yatsa ya saba da wuri ne, ba da suna ba.

Facebook yana buɗe shafuka a cikin burauzarsa ta ciki, wadda uBlock ba ya kaiwa. Idan shafi ya buɗe a can, danna ɗigo uku na kusurwa ka zaɓi buɗewa a burauzar waje.

Kada ka yi ƙoƙarin cire Chrome. Bar shi a gefe don ranar da wani shafin hukuma ko na banki zai ƙi aiki.

8. Idan wayar ƙarama ce

Ƙananan Itel da Tecno masu ƙwaƙwalwar giga 1 ko 2 suna nishi da Firefox. Ga su, Opera Mini ta fi dacewa: tana da abin toshe talla a cikin saitinta, kuma tana matse shafi kafin ya iso wayar. Aibinta shi ne shafinta na farko cike yake da labarai da tallarta ita kanta, sai ka shiga saiti ka kashe labaran da sanarwa.

Brave kuma ba ta buƙatar a saka mata komai, da garkuwarta take zuwa a kunne. Ita nake saka wa dattawa da duk wanda na san ba zai taɓa shiga saiti ba. Tana da nauyi, ba ta ƙananan wayoyi ba ce, kuma idan ta yi maka tayin lada ko kuɗin kirifto, wuce kawai. Masu Samsung suna da hanya a gida: buɗe Samsung Internet, layuka uku na ƙasa, Bloqueurs de publicités, ka sauke ɗaya daga jerin, ka dawo ka kunna shi.

9. Tallar cikin manhajoji: DNS privé

Duk abin da muka yi a sama cikin burauza ya tsaya. Tallar da ke cikin wasa ko manhajar kallon sakamakon ƙwallo sai wannan dabarar, kuma ba a sauke komai, ba a kashe mega ko ɗaya.

Duk lokacin da manhaja za ta ɗauko talla, sai ta tambayi adireshin gidan tallar. DNS shi ne mai ba da adireshi. Idan ka sauya shi da wanda ya san gidajen talla, sai ya riƙa cewa bai san wurin ba, tallar ta rasa hanya.

Ana buƙatar Android 9 zuwa sama. Duba naka a À propos du téléphone. A wurin bincike na Paramètres rubuta DNS, don kowane kamfani da inda yake ɓoye shi. A Samsung yana Connexions, Plus de paramètres de connexion. Mai waya da Turanci zai ga Private DNS. Zaɓi layi na uku, Nom d'hôte du fournisseur, ka rubuta:

dns.adguard-dns.com

Danna Enregistrer, kunna yanayin jirgin sama ka kashe, sannan ka buɗe wasan da ya saba damunka. Inda talla take za ka ga fili. Idan wayar yara ce, rubuta family.adguard-dns.com, wanda ke haɗawa da toshe shafukan batsa.

Gargaɗi, kuma a karanta da kyau. Allon rubutu yana son saka tazara bayan kowane ɗigo ko ya mai da harafin farko babba ya gyara kalmar. Harafi ɗaya ya kauce, intanet ɗin wayar gaba ɗaya zai tsaya, ga mega ga rezo amma ba abin da ke buɗewa. Na ga wanda ya hau kabu-kabu har Kasuwar Dole wurin mai gyara saboda wannan. Maganin daƙiƙa goma ne: koma wurin, zaɓi Automatique. Haka za ka yi idan wifi na otal ko na ofis, irin mai shafin shiga, ya ƙi karɓar ka, ko manhajar tura kuɗi ta tsaya tana juyi. Ka gama, ka mayar.

Abu biyu kuma. Wasannin da ke ba da lada idan an kalli talla za su daina bayarwa, yara za su kawo ƙara. Sannan ka sani mai DNS yana ganin sunayen shafukan da wayarka ke nema, ko da yake ba ya ganin abin da ke ciki. Shi ya sa ba a rubuta kowane adireshi da aka gani a guruf.

Manhajojin Play Store masu alkawarin toshe talla a ko'ina, kada ka ɓata mega. Dokar Google ta hana manhajar da ke toshe tallar wasu manhajoji zama a can, shi ya sa cikakkiyar manhajar AdGuard ma sai a shafin kamfanin ake samun ta, kuma wani sashenta na kuɗi ne.

10. Masu iPhone

Taku ta bambanta. Firefox na iPhone ba ya karɓar uBlock Origin, Safari ce ke karɓar ƙari. Sauke AdGuard daga App Store, na kyautar ya isa. Shiga Réglages, Safari, Extensions, ka kunna dukan layukan AdGuard. Daga iOS 18 Safari ta koma ƙarƙashin Apps a cikin Réglages. Buɗe manhajar sau ɗaya ta sabunta jerinta. Wanda ba ya son wannan zagaye ya sauke Brave.

11. YouTube, Facebook da TikTok

Tambayar da ke biyo baya kullum ke nan: tallar cikin waɗannan fa? DNS ba ya taɓa tallar waɗannan manhajoji, domin tallar da bidiyon daga gida ɗaya suke fitowa. Ka toshe ɗaya, ka toshe duka. Abin da ke aiki ga YouTube shi ne ka buɗe shi a cikin Firefox mai uBlock ko a Brave maimakon manhajarsa. Tun 2023 YouTube ke yaƙi da masu toshe talla, don haka wata rana bidiyo zai yi jinkiri ko ya nuna gargaɗi. In haka ta faru, shiga Listes de filtres ka danna sabuntawa, ko ka jira kwana ɗaya ko biyu.

Gargaɗi: za a yi maka tayin YouTube ko WhatsApp da aka yi wa kwaskwarima, wai ba talla. Ba ka san wanda ya taɓa cikinsu ba, kuma kai za ka miƙa musu asusunka da hannunka. WhatsApp yana rufe lambar da ya kama da irin waɗannan, kuma ɗan kasuwar da duk abokan cinikinsa na Kano da Agadas ke kan lamba ɗaya ya san abin da hakan ke nufi.

12. Idan shafi ya ƙi aiki

Wani lokaci maɓalli zai ƙi dannuwa, ko fom ɗin rajista ya ƙi tafiya, ko shafi ya ce sai ka kashe abin toshe talla. Kada ka cire uBlock. Kana kan shafin, danna ɗigo uku, Extensions, uBlock Origin, za ka ga babban maɓalli shuɗi. Danna shi ya dushe, ka sake loda shafin. Wannan shafin kaɗai ka buɗe wa ƙofa, sauran suna nan a toshe, kuma zai tuna zaɓinka.

Ni da gangan nake yin haka ga wasu ƙananan shafukan labarai na Hausa da nake karantawa kullum, don tallar nan ce ke saya wa masu su mega da man babur. In shafi ya wuce gona da iri, ya fara buɗe mini wasu shafuka ko bidiyo mai kunna kansa, sai in mayar da maɓallin shuɗi.

Idan ka dushe maɓallin shafin bai gyaru ba, saura DNS: mai da shi Automatique ka sake gwadawa. In har yanzu ya ƙi, buɗe shi a Chrome ɗin da muka ajiye a gefe. Ya ƙi a can ma, to matsalar ta shafin ce ko ta rezo, sai ka ajiye wayar ka sake gwadawa bayan la'asar.